Tarihin Binciken Kolestirol: Daga Maɗaciya Zuwa Ƙofar Ƙwayar Halitta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuba man gyada a cikin ruwa ya san su biyun ba su ga maciji da juna. Kome kaɗawar da aka yi musu, da an ajiye ƙwarya sai man ya tattaru ya taso sama. To, jinin ɗan Adam mafi yawansa ruwa ne, amma duk da haka tilas ne ya ɗauki maiƙo daga hanji da hanta ya rarraba shi ko'ina cikin jiki, ba tare da maiƙon ya dunƙule ya tare hanya ba. Yadda jiki ya ke yin wannan aiki, da kuma yadda aikin ya kan lalace har ya kai mutum ga ciwon zuciya, shi ne abin da masana suka yi shekara wajen ɗari biyu suna bin sawunsa.

In an duba tarihin wannan bincike, sai a ga ya bi matakai uku. Da farko masana sun san kayan da a ke ɗauka, watau kolestirol. Daga baya suka gano 'yan dakon da ke ɗauke da shi cikin jini. A ƙarshe suka tarad da ƙofar da a ke sauke kayan, sa'an nan ne fa suka fahimci cewa yawan kolestirol ɗin da ke yawo a jinin mutum a bakin wannan ƙofa a ke yanke shi.

Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Kafin a shiga labari, ya kamata mai karatu ya riƙe kalmomi huɗu. Ƙwayar halitta ita ce ɗan ƙanƙanin tubalin da aka gina jikin kowane mai rai da shi, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Tantani shi ne siririyar fatar da ta kewaye kowace ƙwaya, kamar yadda ganuwa ta ke kewaye birni. Lifofurotin ƙullin maiƙo ne da furotin mai yawo cikin jini. A nan za a riƙa kiransa ɗan dako, don dako ne aikinsa. Ta huɗu ita ce makarɓi, jam'i makarɓai, an ƙira ta bisa tsarin mabuɗi da magirbi, watau abin da a ke karɓa da shi. Ana nufin wani furotin da ke kafe a jikin tantani yana cafke abin da ya dace da shi kaɗai.

Kaya: Daga Tsakuwar Maɗaciya Zuwa Zomayen Rasha

Wajen tsakiyar ƙarni na 18 wani Bafaranshe, Poulletier de la Salle, ya fid da wani farin abu mai kama da kakin zuma daga tsakuwar da kan fito a maɗaciyar mutum. Wajen 1815 wani ɗan ƙasarsa, Michel Chevreul, masanin kitse da sabulu, ya sake tace abin, ya kuma raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya ma'anarta ruwan maɗaciya, ɗayar kuwa daskararre. Kolestirol ke nan, daskararren ruwan maɗaciya. A 1833 Félix Boudet ya nuna akwai shi a jini ma.

Tun kafin wannan likitoci masu binciken gawa sun saba ganin wani abu rawaya, mai laushi, kwance a bangon manyan jijiyoyin jini na tsofaffi. A 1904 Felix Marchand na birnin Leipzig ya sa wa wannan ciwo sunan aterosikilerosis, nan ma daga Girkanci: rabin farko na kalmar yana nufin kunu, rabi na biyu tauri. Watau jijiya ta yi tauri, cikin bangonta kuwa akwai abu kamar kunu. A 1910 Adolf Windaus, Bajamushe, ya auna wannan kunu, ya tarar kolestirol ɗin da ke cikinsa ya ninka na lafiyayyar jijiya sau da yawa.

Amma samun ɓarawo a kusa da rumbu ba shi ne shaidar sata ba. Wanda ya fara kawo shaida shi ne Nikolai Anichkov, wani saurayin likitan soja a birnin San Fitasbag na Rasha. Dā ma a 1908 wani likita a makarantarsu, Ignatowski, ya ciyad da zomaye nama da madara da ƙwai, jijiyoyinsu suka lalace, ya zaci furotin ne ya jawo. A 1913 Anichkov da ɗalibinsa Chalatov suka tace kolestirol zalla, suka narkad da shi cikin man wani fure mai bin rana, suka riƙa ɗura wa zomaye. Cikin 'yan watanni jijiyoyin zomayen suka fid da irin kunun nan na mutane. Zomayen da aka bai wa man kaɗai ba su yi kome ba.

Sai dai duniyar likitoci ba ta kula ba. Suka ce ai zomo ciyawa ya ke ci, ba a halicce shi don cin ƙwai ba. Da aka gwada a kan karnuka da ɓeraye kuwa, ba a ga ciwon ba, gama jikinsu ya iya juya rarar kolestirol ya fid da ita ta ruwan maɗaciya, don haka ba ta taruwa a jini. Galibin likitocin zamanin sun ɗauka taurin jijiya tsufa ne kawai, tsufa kuwa ba shi da magani. Haka aikin Anichkov ya kwanta shekara talatin da wani abu.

Ganuwa: Yadda Aka San Tantani

A daidai wannan lokaci wasu masana dabam, waɗanda ba ruwansu da ciwon zuciya, suna ta fama da wata tambaya: da me aka yi fatar ƙwayar halitta? Tsakanin 1895 da 1899 Ernest Overton, yana aiki a Zurik, ya gwada abubuwa ɗaruruwa, ya lura cewa abin da ke narkewa cikin mai shi ya fi saurin ratsa ƙwaya. Daga nan ya yi hasashen cewa fatar da maiƙo aka yi ta, har ya ambaci kolestirol cikin abubuwan da ya ke zato.

A 1925 Gorter da Grendel na birnin Leiden a ƙasar Holan suka yi wata dabara mai ban sha'awa. Suka tsamo maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi bisa ruwa har ya yi falle ɗaya, suka auna faɗinsa. Sai suka ga ya ninka faɗin bayan ƙwayoyin sau biyu. Suka ce ashe tantani falle biyu ne na maiƙo. An gano daga baya akwai kurakurai cikin awonsu, amma kurakuran sun cinye juna, amsar ta fito daidai. A 1972 Singer da Nicolson suka cika hoton: tantani ba busasshen bango ba ne, abu ne mai ruwa-ruwa, furotin iri iri suna yawo cikinsa kamar kwale-kwale a tafki.

Maiƙon da ya fi yawa a tantani shi ne fosfolifid, wanda ke da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa. Falle biyun nan sun haɗa wutsiyoyi a ciki, kawuna suna duban waje. Kolestirol kuwa ya kan cusa kansa a tsakankanin wutsiyoyin, ya hana tantani yin ruwa ainun in an yi zafi, ya hana shi daskarewa in an yi sanyi, ya kuma toshe 'yan kafofin da ruwa da gishiri za su yoyo. A tantanin jar ƙwayar jini, kusan kowane fosfolifid ɗaya akwai kolestirol ɗaya a gefensa. Wajen rubu'in dukan kolestirol na jiki a ƙwaƙwalwa ya ke. Da shi kuma jiki ke ƙera gishirin maɗaciya mai narkad da kitse a hanji, da sinadaran balaga na maza da mata, da bitamin D. Ashe abin da a ke zargi da kisa, in babu shi babu rai.

'Yan Dako

Sauran tambaya ita ce, yaya abin da ba ya narkewa a ruwa ya ke tafiya cikin jini? A 1929 Michel Macheboeuf, a Cibiyar Pasteur ta Faris, ya ware wani abu daga ruwan jinin doki wanda rabi maiƙo ne rabi furotin, kuma yana narkewa a ruwa sarai. Wannan shi ne ɗan dako na farko da aka kama. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Edwin Cohn da mutanensa a Jami'ar Harvard su ke rarrabe ruwan jini don jinyar sojoji, sai suka ga 'yan dakon sun kasu manyan gida biyu.

Wanda ya jera su daki daki shi ne John Gofman na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley. Shi masanin kimiyya ne wanda ya yi aikin makamin nukiliya lokacin yaƙi, sa'an nan ya ƙarasa karatun likita. Ya yi amfani da wata na'ura mai juya ruwa da tsananin sauri, wadda Svedberg na Suwidin ya ƙirƙira. Masana da dama sun gwada ta a kan jini sun kasa gane abin da su ke gani. A 1949 Gofman da Frank Lindgren suka ƙara gishiri a ruwan jinin don ya yi nauyi, sai 'yan dakon suka riƙa tasowa sama maimakon su nutse, kamar yadda man shanu kan taso in an kaɗa nono. Wanda ya fi maiƙo shi ya fi saurin tasowa. Ta haka aka san jerinsu. Akwai manya masu kwaso kitsen abinci daga hanji. Akwai waɗanda hanta ke sakowa maƙare da kitse, su yi ta saukewa a tsoka da teɓa, har su rage su zama ƙanana masu ɗauke da kolestirol galibi. Waɗannan ƙananan su a ke kira LDL, marasa nauyi. Akwai kuma HDL, waɗanda suka fi kowa ƙanƙanta da nauyi don furotin ya yi musu yawa.

A 1950 Gofman ya ba da labarin cewa mutanen da suka yi ciwon zuciya sun fi sauran jama'a yawan 'yan dako marasa nauyi. A 1951 Barr da Russ da Eder a New York suka lura cewa masu ciwon suna da ƙarancin masu nauyin. Maganar ta sake fuska ke nan: ba jimlar kaya kaɗai za a duba ba, har da wanda ke ɗauke da su.

Yau an san siffar LDL sosai. Ƙwallo ne wanda in an raba milimita ɗaya gida miliyan, faɗinsa wajen kashi 22 ne. A cikinsa akwai kolestirol wajen 1,500 da aka ɗaure wa kowanne wutsiyar kitse don ajiya. A bayansa akwai riga falle ɗaya ta fosfolifid wajen 800 da sakakken kolestirol wajen 500. Sa'an nan wani dogon furotin guda ɗaya tak, mai suna apoB-100, ya naɗe ƙwallon kamar igiyar da aka ɗaure kaya da ita. Rigar ita ke sulhu tsakanin maiƙo da ruwa. Igiyar kuwa, kamar yadda za a gani, ita ce takardar shiga gari.

Alamu Biyu da Suka Nuna Hanya

Alama ta farko daga ɓeraye ta fito. A 1933 Rudolf Schoenheimer da Fritz Breusch a Freiburg ta Jamus suka tsare ɓeraye cikin kwalabe, suna auna duk abin da ya shiga da abin da ya fita. Suka ga in abincin ɓera ba kolestirol, jikinsa ya kan ƙera nasa. In kuwa an ba shi a abinci, sai ya rage ƙira. A wannan shekara Schoenheimer, da ya ke Bayahude ne, ya bar Jamus ya koma New York saboda mulkin Hitler. Konrad Bloch, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa can, shi da Feodor Lynen na Munik suka bi matakan ƙirar, wajen talatin, aka ba su lambar Nobel a 1964. Daga cikin matakan akwai guda wanda wani sinadari mai suna ridaktes ke riƙe da shi, shi ne linzamin aikin duka. Amma ba wanda ya san yadda ƙwaya ta ke jin labarin cewa kaya sun iso daga waje.

Alama ta biyu daga iyalai ta fito. A 1938 Carl Müller, likita a Oslo ta ƙasar Norwe, ya bayyana wasu zuriyoyi waɗanda abu uku ke binsu daga kaka zuwa jika: ƙululun rawaya a agara da bayan hannu, da yawan kolestirol a jini, da ciwon zuciya tun da sauran ƙuruciya. A 1964 Avedis Khachadurian na Jami'ar Amurka da ke Bairut, inda auren zumunci ya yawaita, ya nuna cutar iri biyu ce. Wanda ya gāje ta daga mahaifi ɗaya, kolestirol nasa ya kan ninka na mutane sau biyu, ciwon zuciya ya same shi yana ɗan arba'in ko hamsin. Wanda ya gāje ta ta wajen uwa da uba duka, nasa ya kan ninka sau biyar ko fiye, zuciya ta kan buga masa tun yana yaro. Waɗannan yara ba su shan taba, ba su da ƙiba, ba su da hawan jini. Abu guda ne ke damunsu, yawan LDL. A dā ana lissafin mai gadon gefe ɗaya mutum ɗaya ne cikin 500. Ƙididdigar baya bayan nan ta nuna ya kai ɗaya cikin 250 zuwa 300.

Ƙofa

Michael Brown da Joseph Goldstein sun haɗu a 1966 suna sababbin likitoci a wani babban asibitin Boston. Daga nan suka yi aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, inda Goldstein ya yi jinyar yara masu irin wannan gado. A 1972 suka haɗa kai a makarantar likita ta Dallas a jihar Texas, suka ƙudura sai sun san dalilin cutar.

Hanta ce cibiyar kolestirol, amma ba a yanko hantar yaro don gwaji. Sai suka ɗauki 'yar fata kaɗan, suka rena ƙwayoyinta cikin faranti, suna auna aikin ridaktes. A ƙwayoyin lafiyayyen mutum, in aka janye 'yan dako daga ruwan renon, aikin ridaktes ya kan tashi wajen ninki hamsin cikin yini da kwana. In aka mayar da LDL, ko kaɗan ne, sai ya faɗi. HDL kuwa ba ya yin kome. A 1973 aka aiko musu da fatar wata 'yar shekara 12 mai gadon gefe biyu daga Denver. Ƙwayoyinta suna ta ƙera kolestirol ninki hamsin ko fiye, kome yawan LDL da aka zuba musu ba su fasa ba.

Da farko sun zaci linzamin ne ya karye. Amma da suka narkad da kolestirol zalla cikin barasa, yadda zai ratsa tantani da kansa, suka zuba wa ƙwayoyin, sai ridaktes ya lafa kamar na kowa. Ashe linzami lafiya lau ya ke, kayan ne ba su shiga gari. A 1974 suka shafa wa LDL wani aidin mai fid da haske da na'ura ke ji, suka nuna cewa ƙwayar lafiyayye tana da wurare ƙidayayyu a tantaninta masu cafke LDL da ƙarfi, ƙwayar mai gadon gefe biyu ba ta da su, ta mai gefe ɗaya tana da rabi. Makarɓin LDL ke nan. Shi ya ke gane igiyar nan ta apoB-100 ya riƙe.

Gani ya kori ji. Abokin aikinsu Richard Anderson ya liƙa wa LDL wani furotin mai ƙarfe a ciki don ya fito a madubin lantarki. A 1976 suka ga LDL ba ko'ina ya ke manne ba, ya taru ne cikin wasu 'yan ramuka a tantani masu shimfiɗa ta ciki. Roth da Porter sun riga sun ga irin ramukan a 1964 a ƙwan sauro, Barbara Pearse ta Kambirij kuma ta ware furotin ɗin shimfiɗar a 1975, ta sa masa suna kilatirin. Ramukan ba su wuce kashi 2 cikin 100 na faɗin tantani ba, amma fiye da rabin makarɓai a nan su ke. Cikin 'yan mintoci ramin ya kan lotsa ciki, bakinsa ya tsuke, ya tsinke ya zama 'yar jaka. A cikin jakar ruwa ya kan yi tsami, makarɓi ya saki kayansa ya koma tantani. Zuwa da dawowa minti goma ne, makarɓi ɗaya kuwa ya kan yi wajen awa ashirin yana wannan zirga-zirga. LDL ɗin a wuce da shi wata jaka mai narkad da abubuwa, a farfasa shi, kolestirol ya fito.

Da ƙwaya ta ji ta ƙoshi, sai ta yi abu uku: ta dakatad da ƙirar nata, ta ɗaure rarar ta ajiye, ta kuma rage ƙera sababbin makarɓai. Wannan na ukun shi ne gishirin zancen. Ƙwaya tana tsare kanta ne daga cikewa, ba ta damu da abin da ya rage a waje ba. In ƙofofi suka ragu, 'yan dako sai su yi cincirindo a hanya. A lafiyayyen mutum LDL ya kan yi wajen kwana biyu da rabi a jini kafin a karɓe shi. A mai cutar gado ya kan ninka haka. An tace makarɓin a 1982, an karanta ƙwayar gadonsa a 1984, aka ga sarƙa ce mai ɗiya 839. Brown da Goldstein suka sami lambar Nobel a 1985.

Hanta da Funfuna

Wajen kashi 70 cikin 100 na LDL hanta ce ke janye shi daga jini. An tabbatad da wannan a jikin mutum a Fabrairun 1984, sa'ad da Thomas Starzl a Pittsburgh ya dasa wa wata yarinya 'yar shekara 6 mai gadon gefe biyu sabuwar zuciya da sabuwar hanta. LDL nata ya faɗi daga miligiram 988 zuwa 184 cikin kowane kashi ɗaya bisa goma na lita. Ba abin da ya sake sai hanta mai ƙofofi.

A can Japan kuma, Akira Endo na kamfanin Sankyo ya yi tunanin cewa wata funfuna za ta iya fid da dafin da ke kashe ridaktes don ta yaƙi abokan gābarta. Daga 1971 ya gwada iri wajen 6,000, a 1973 ya dace da guda da ta tsiro a kan shinkafa daga wani kanti a Kyoto. Wannan shi ne kakan magungunan da a ke kira sitatin. Aka yi ta mamaki, in an hana jiki ƙira, me zai hana ƙwayoyi su mutu da yunwa? Amsar tana bakin ƙofa. In hanta ta ji ƙira ta ragu, sai ta ƙara makarɓai ta jawo LDL daga jini. Hanta ta sami abin da ta ke so, jini kuwa ya washe. An nuna haka a karnuka a Dallas a 1981. An yarda da sayar da sitatin na farko a Amurka a 1987, a 1994 kuma wani gwaji a ƙasashen Sikandinabiya kan masu ciwon zuciya 4,444 ya nuna maganin ya rage mutuwa da wajen kashi 30 cikin 100. Shekara 81 ke nan bayan zomayen Anichkov.

Ta wannan hanya kuma aka gane aikin abinci. Kolestirol a abincin dabba kaɗai ya ke, kamar ƙwai da ƙwaƙwalwa da hanta da man shanu. Amma kitse mai daskarewa, ko na dabba ko na tsiro, ya kan sa hanta ta rage makarɓanta, LDL ya hau. Jariri sabon haihuwa LDL nasa wajen miligiram 30 ne, Brown da Goldstein kuwa sun lissafa cewa wajen 25 ya ishi ƙwayoyin jiki. Manya da yawa a ƙasashe masu wadata suna ɗauke da ninki huɗu ko biyar na wannan.

Bangon Jijiya da Masu Kwashe Shara

Akwai wani abin ɗaure kai da ya rage. In yaran nan ba su da makarɓai, ta ina kolestirol ya ke cika ƙwayoyin da ke bangon jijiyarsu? A 1979 aka gano cewa wasu fararen ƙwayoyin jini masu cinye datti suna da wata ƙofa dabam. LDL in ya yi yawa ya kan ratsa shimfiɗar cikin jijiya, ya maƙale a zaruruwan bango, ya lalace kamar yadda mai kan yi ɗaci in ya daɗe. Fararen ƙwayoyin su zo su yi ta haɗiyarsa ta wannan ƙofa ta biyu, wadda ba ta rufuwa kome ƙoshi. Su kumbura su yi kamar kumfa, su mutu, su bar kunun da Marchand ya gani. Ranar da murfin kunun ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe.

Ƙwayoyin jiki ba su iya rushe kolestirol, sai dai su fid da shi, hanta ta zubar ta maɗaciya. A 1968 John Glomset na Seattle ya kawo shawarar cewa HDL ke kwaso shi daga ƙwayoyi ya mayar hanta. Nan ma cutar gado ce ta nuna ƙofar. A 1961 Donald Fredrickson ya bayyana wasu yara daga tsibirin Tangier na jihar Virginia, waɗanda ƙululun cikin maƙogwaronsu suka kumbura suka yi ruwan lemo, jininsu kuwa kusan babu HDL. Sai a 1999 aka gano abin da suka rasa: wani furotin a tantani, ABCA1, mai tura kolestirol da fosfolifid waje ya ɗora wa HDL. A 1996 kuma Monty Krieger ya nuna makarɓin HDL a hanta, wanda ke zare kayan ya sallami ɗan dakon, ba ya haɗiye shi kamar na LDL.

Daga nan jama'a suka saba cewa LDL mugu ne, HDL nagari. Kolestirol ɗin dai ɗaya ne a cikinsu duka, inda aka nufa da shi ne ya bambanta. Kuma da aka ƙera magani mai ƙara yawan HDL ƙwarai, aka gwada, sai aka tsai da gwajin a Disambar 2006 don masu shansa sun fi mutuwa. Yawan jakuna a hanya ba shi ne yawan kayan da suka isa kasuwa ba.

Mai Rushe Ƙofa

Babi na baya bayan nan ya fara a Faris a 2003, inda Marianne Abifadel da Catherine Boileau suka sami iyalai masu yawan LDL alhali makarɓansu ba su da aibu. Laifin na wani furotin ne mai suna PCSK9, wanda hanta ke sakowa. Shi ya kan manne wa makarɓi, ya hana shi komawa tantani, a narkad da shi tare da kayan. A waɗannan iyalai ya cika ƙwazo. Helen Hobbs da Jonathan Cohen a Dallas suka ce, to, a nemi waɗanda nasu ya mutu mana. Suka same su galibi cikin baƙaƙen fata na Amurka, jikokin mutanen Afirka. A 2006 suka ba da labari cewa cikin baƙaƙe 3,363 da aka bi shekara 15, kashi 2.6 cikin 100 suna da wannan gado. LDL nasu ya gaza na sauran da kashi 28 cikin 100, amma ciwon jijiyar zuciya ya ragu musu da kashi 88. Ragi kaɗan tun daga haihuwa ya fi ragi mai yawa da aka fara da furfura. A 2015 aka fara sayar da allurai masu kama PCSK9 don makarɓai su daɗe.

Kammalawa

Wanda ya bi wannan labari zai ga ba a hanya guda aka zo ba. Mai binciken sabulu, da likitan soja, da mai awon jajayen ƙwayoyi, da mai aikin nukiliya, da mai kallon ƙwan sauro, da mai tara funfuna, kowa gonarsa ya ke nome, bai san ta yi iyaka da ta wani ba. Abin da ya haɗa gonakin shi ne iyalan nan 'yan kaɗan masu cutar gado, a Oslo da Bairut da Tangier da Dallas, gama ta wurin abin da suka rasa aka san abin da sauran mutane ke da shi.

Tambayar da aka fara da ita a gallar Faransa ta ƙarni na 18 ita ce, mene ne wannan farin abu? Wadda likita ke yi yau ita ce, ƙofa nawa ke buɗe a tantanin hantar wannan mutum, kuma shekara nawa 'yan dako suka yi suna jira a jininsa? Gado yana da hannu cikin amsar, abinci yana da hannu, magani ma haka. Taruwar LDL ba ta da zafi, ba ta da alama, sai awon jini ke nuna ta. Saboda haka gidan da aka san maza ko mata suna faɗuwa da ciwon zuciya tun ba su tsufa ba, ko a ke ganin ƙululu a agararsu, ya kamata a auna jinin 'ya'yansa tun suna ƙanana.